Hoton Gaɓoɓi da Magudanan Ɗaci ta Hanyar Rini: Abin da Asibitocin Ƙasar Kontagora Za Su Riƙe da Wanda Za Su Saki

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya a Kontagora, Jihar Neja

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi tsofaffin hanyoyin ɗaukar hoton cikin gaɓoɓi da na magudanan ɗaci, waɗanda ake zuba rini mai sinadarin aidin kafin a haska na'urar eksire. Littattafan yanzu sun kusa jingine su, tun da na'urar MRI ta karɓe akasarin aikinsu. Maƙalar tana ganin bai dace a yi musu kuɗin goro ba a gari irin Kontagora, inda mara lafiya kan sha doguwar tafiya kafin ya isa asibitin ƙwararru. Akwai waɗanda lokacinsu ya wuce, akwai waɗanda sai dai a tura majinyaci gaba, akwai kuma 'yan kaɗan da har yanzu suke amsa tambayar likita da kuɗi ƙalilan, idan an iya su.

Gabatarwa



Tun da Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, garin nan mahaɗa ne. Yau ma nan ne mutanen Rijau da Mariga da Magama da Mashegu suke dosa idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin ƙauye. Daga nan kuma, idan aka ce a yi gaba, to ko dai Minna ta hanyar Tegina da Zungeru, tafiyar kimanin kilomita 200, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta Yawuri da Jega, ko asibitin Shika a Zariya. Mai matsalar ƙashi kuwa sau da yawa sai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Duk wanda ya taɓa rubuta wa manomi takardar turawa ya san abin da ke biyo baya: a sayar da buhun masara ko akuya, a nemi mai rakiya, a yi ta tambayar lafiyar hanya. Da yawa ba sa zuwa, sai su koma wajen maɗori ko mai saiwa.

Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce: wane hoto ne za a iya ɗauka a nan, cikin aminci, wanda zai gaya wa likita ko tafiyar nan ta zama dole?

Dalilin zuba rini

Hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a watan Nuwamba na 1895 yana bambance ƙashi da iska da kitse da tsoka. Amma guringuntsi da jijiya da ruwan gaɓa da ruwan ɗaci duk launi ɗaya suke fitowa a fim, toka-toka. Aidin kuwa sinadari ne mai nauyi, lambarsa 53 a jadawalin sinadarai, yana tare hasken sosai, don haka duk inda ya kwanta sai wurin ya fito fari fat. Iska akasin haka take yi, baƙi take fitowa. Idan aka haɗa su biyu, rinin ya shafe bangon gaɓa iska kuma ta buɗa ta, sai siffar abin da ke ciki ta bayyana.

Akwai abu ɗaya na ilimin fizis da yake da amfani a bakin aiki. Aidin ya fi tare haske a daidai ƙarfin kilo-ilektaronbolt 33, shi ya sa ake riƙe na'ura a wajen kilobolt 65 zuwa 75. Wanda ya ɗaga ta zuwa 100, kamar zai ɗauki hoton ƙirji, ya wanke rinin da aka saya da tsada.

Gaɓoɓi

A 1905 Werndorff da Robinsohn suka hura iskar oksijin cikin gwiwa suka ɗauki hotonta. Daga baya likitocin Suwidin suka gyara hanyar: Lindblom da rinin aidin a 1948, sannan Andrén da Wehlin da haɗin rini da iska a 1960. Shekaru da dama wannan ce hanyar gano yagewar guringuntsin gwiwa.

Game da gwiwa ba zan ja magana ba. Aikin yana buƙatar na'urar hoto mai motsi, wato fuloroskofi, da hotuna masu yawa ana juya ƙafa ana buɗa gaɓa, da kuma idon da ya saba karanta su. Masu wannan idon sun yi ƙaranci ko a manyan asibitoci. Matashin da gwiwarsa ke sarƙewa bayan ƙwallo ko faɗuwa daga babur, MRI ya kamace shi, kuma yawanci zai iya jira.

Kafaɗa daban ce. A saman mahaɗar kafaɗa akwai jijiyoyi huɗu da suka lulluɓe kan ƙashin dantse, a samansu kuma akwai wata 'yar jaka mai ruwa. A lafiyayyen mutum jakar nan ba ta haɗuwa da cikin gaɓa. Idan jijiyar ta yage gaba ɗaya, rinin da aka zuba a gaɓa zai tsallaka ya cika jakar. Dabarar mai faci ce: ya hura tayar babur ya tsoma ta a ruwa ya ga inda take yoyo. Amsar ko i ce ko a'a, kuma likitan da ba ƙwararren hoto ba ma zai iya ganinta a fim.

Ga yadda aikin yake. Majinyaci ya kwanta rigingine, hannu a gefe, tafin hannu na kallon sama. A fara ɗaukar hoto ba rini, domin a ga ko akwai karaya ko gocewa. A wanke fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shimfiɗa dafaffen ƙyalle, a yi allurar kashe zafi. Likita ya soka doguwar siririyar allura, mai lamba 22, har ta taɓa kan ƙashi. Ɗigo kaɗan na farko shi ke faɗin gaskiya: idan allura tana cikin gaɓa rinin zai gudu daga bakinta, idan tana waje zai taru wuri ɗaya. Sai a zuba mililita 10 zuwa 12, a zare allura, a ce, “Baba, ɗan jujjuya hannun a hankali.” Daga nan a ɗauki hotuna da hannu a juye ciki da waje, da wanda ake ɗauka ta hamata. A yi sauri, don cikin rabin sa'a jiki ya fara tsotse rinin, gefen hoto ya dushe. Inda babu fuloroskofi, ana iya shigar da allurar da jagorancin na'urar sikanin, sannan a wuce ɗakin eksire.

Za a ce ai sikanin kaɗai yana gano wannan yagewar. Haka ne, a hannun wanda ya ƙware a kafaɗa. Amma yawancin masu riƙe na'urar sikanin a yankinmu a kan ciki da juna biyu suka goge, kuma abin da suka gani ba ya zama shaidar da likitan ƙashi a Dala zai ɗaga ya duba da idonsa. Fim kuwa yana tafiya a ambulan.

Akwai ƙarin riba. Dattijuwa mai ciwon suga da kafaɗarta ta sandare, ba ta iya ɗaura ɗankwali, sau da yawa jakar da ta kewaye gaɓar kanta ce ta tsuke. Lafiyayyar kafaɗa takan ɗauki mililita 12 zuwa 15. Wadda ta tsuke ba ta kai 10, wani lokaci 5 ma da ƙyar. Mai riƙe da sirinji zai ji turjiyar a babban yatsansa. A nan take ana iya ƙara ruwan gishiri da maganin kumburi a buɗa jakar, hanyar da Andrén da Lundberg suka bayyana a 1965. Bincike da magani a zama ɗaya ke nan.

Sai ƙugun yara. Kan ƙashin cinyar jariri guringuntsi ne, ba ya fara zama ƙashi sai wajen wata huɗu zuwa shida, kuma ko bayan nan abin da eksire ke nunawa ɗan tsakiyarsa ne kawai. Yaron da aka haifa da gocewar ƙugu, wanda sau da yawa ba a lura sai ya fara tafiya yana ɗingishi, idan likita ya mayar da ƙashin a ɗakin tiyata yana son ya tabbatar ya zauna kafin a sa filasta. Mililita ɗaya zuwa biyu na rini sun isa: idan ya taru da yawa tsakanin kan ƙashi da gurbinsa, to bai zauna ba. Wannan aiki har a Turai da Amurka ba a daina shi ba. Sai dai na likitan ƙashi ne, kuma sai da mai sa barci da ya saba da yara. Ga masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa kuwa, rini ba shi da wani abin faɗa: eksire ya nuna idan abin ya yi nisa, MRI ya nuna tun da wuri.

Tsoron da aka fi yi shi ne shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓa. Binciken da Newberg da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1985 ya tattara hoton gaɓoɓi da rini fiye da 126,000, aka sami uku kacal da gaɓa ta kamu, ba wanda ya mutu. Amma wannan adadi na wuraren da ake dafa kaya yadda ya kamata ne. Kuma ba a soka allura ta cikin fata mai ƙurji, ko wadda tsagar wanzami ba ta warke ba. A duba wannan da kyau, domin kafaɗar da ta iso asibiti a nan yawanci ta riga ta bi ta wasu hannaye.

Magudanan ɗaci

Hanta tana fitar da ruwan ɗaci kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya a yini. Yana bin ƙananan magudanai zuwa manya biyu, na dama da na hagu, su haɗe su zama ɗaya. Matsarmama tana gefe tana ajiya. Babban bututun kuma, wanda faɗinsa bai cika wuce milimita 6 ba, yana bi ta kan fankiriyas ya zube a farkon ƙaramin hanji. Duk abin da ya toshe hanyar nan, ido zai yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi.

Ba duk mai shawara ne yake da toshewa ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na baligan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta ana haifar yara masu sikila kimanin 150,000 a Nijeriya duk shekara, su ma idonsu kan yi rawaya saboda fashewar ƙwayoyin jini. Wannan fashewar ce take sa su tara baƙaƙen tsakuwoyi a matsarmama tun suna ƙanana, don haka mai sikila yana iya zuwa da shawara iri biyu a lokaci guda. Mai raba gardama na farko shi ne sikanin: bututu ya buɗe ko bai buɗe ba? Eksire zalla ba ya taimakawa sosai, tun da kashi 10 zuwa 20 ne kawai na tsakuwoyin matsarmama suke fitowa a fim, ko da yake na masu sikila sun fi fitowa.

Hanyoyi biyu sun mutu, kuma bai kamata a tono su ba. Ta farko ita ce ta Graham da Cole, likitocin Amurka da a 1924 suka gano rinin da hanta ke tacewa ya taru a matsarmama, wadda daga baya ta koma ƙwayoyin haɗiya irin su Telepaque. Ta biyu ita ce allurar jijiya ta Biligrafin da ta fito a 1953. Dukansu sun dogara da lafiyar hanta, ke nan a wajen mai shawara, wanda ya fi buƙatarsu, ba sa aiki. Ta biyun kuma ta yi ƙaurin suna wajen tayar da jiki. Har yanzu ɗalibai na haddace su don jarrabawa, to shi ke nan, amma sikanin ya gama da su.

Wasu biyun suna raye, sai dai ba na nan ba ne. Huard da Do-Xuan-Hop sun soka allura ta fata cikin hanta a Hanoi a 1937, kuma hanyar ta yaɗu bayan Okuda ya fito da siririyar allurar Chiba a Japan a 1974. Ɗayar, wadda ake kira ERCP, McCune ne ya fara ta a Amurka a 1968: a zura na'urar leƙe ta baki har hanji, a tura rini ta bakin bututun, tun 1974 kuma ana iya tsaga bakin a fito da tsakuwa. Ta farko tana iya jawo zubar jini ko yoyon ɗaci cikin ciki. Ta biyu takan kumbura fankiriyas a kashi 3 zuwa 10 cikin 100. Duka biyun sai inda akwai ma'ajiyar jini da likitan tiyata a tsaye. Aikinmu a nan shi ne shirya mai tafiya. Wanda ɗaci ya daɗe bai isa hanjinsa ba, jikinsa ba ya tsotsar bitamin K, jininsa ba ya daskarewa da wuri, don haka a yi masa allurar bitamin ɗin. Idan zazzaɓi da ciwon gefen dama sun haɗu da rawayar ido, alamomi ukun da Charcot ya bayyana a 1877, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa kafin a sa shi a mota. A haɗa shi da sakamakon sikanin da na jini, kada a je can a sake biya.

Saura biyun da nake ganin su ne namu. Pablo Mirizzi, likitan tiyata a Kordoba ta Ajantina, shi ya fara ɗaukar hoton bututun ɗaci ana tsakiyar tiyata a 1931. Duk asibitin da ake cire matsarmama kuma yake da ƙaramar na'urar eksire mai taya zai iya. A sa kaset a ƙarƙashin majinyaci tun kafin a shimfiɗa ƙyalle, a ɗan karkata gado zuwa dama don bututu ya kauce wa ƙashin baya. Likita ya zura siririn bututu ta wuyan matsarmama, ya tura mililita 3 zuwa 5, mai sa barci ya tsayar da numfashi, a ɗauka; a ƙara rini a sake ɗauka. Minti goma zuwa ashirin ne, amma hotunan suna nuna tsakuwar da ta ɓuya, suna kuma nuna wa likita wane bututu ne a hannunsa kafin ya yanke. Yanke babban bututu bisa kuskure yana cikin mafi munin abin da kan faru a wannan tiyata.

Idan an buɗe babban bututun, akan bar roba mai siffar harafin T a ciki, jelarta ta fito ta fatar ciki tana zuba a jaka. Wajen kwana 7 zuwa 10, kafin a cire ta, dole a san abu biyu: ba tsakuwar da ta rage, kuma ɗaci yana wucewa hanji. A nan ne gwanintar ma'aikacin hoto take fitowa. Babban abokin gaba shi ne iska. Ƙwayar iska ɗaya a cikin bututu takan fito kamar tsakuwa, ta sa a mayar da bawan Allah tiyata a banza. Don haka a ɗaga sirinji a ƙwanƙwasa shi, a cika mahaɗin da rini har ya ɗiga, a ɗan ja baya har ɗaci ya shigo sirinji, sannan a fara turawa. A sirka rinin ya koma kimanin miligiram 150 na aidin a kowace mililita, don mai kauri yana binne ƙaramar tsakuwa. A tura a hankali, mililita 20 zuwa 30 gaba ɗaya, ana ɗaukar hoto a tsakani: “Inna, ɗauke numfashi. To, saki.” Idan ta ce gefenta yana ƙullewa, a dakata. Turawa da ƙarfi yana iya kora ƙwayoyin cuta cikin jini, da dare sai zazzaɓi da rawar sanyi. Idan an ga wani baƙin ɗigo, a ɗaga kan gado a sake ɗauka. Iska zagayayya ce sumul, sama take yi, takan kuma rabu biyu ko ta haɗe. Tsakuwa tana da kusurwa, ƙasa take yi ko ta tsaya inda take. A ƙarshe a nemi rini a cikin hanji, mai kama da gashin tsuntsu. Idan ba a gan shi ba, kada a cire roba.

Rini, haɗari da rabon aiki

Tsofaffin rini irin su Urografin sun fi araha. Sababbin, irin su Omnipaque, sun samo asali ne daga tunanin Torsten Almén na Suwidin a 1969, kuma jiki ya fi karɓarsu. Binciken Katayama a Japan, wanda aka wallafa a 1990 a kan mutum 337,647 da aka yi wa allurar rini ta jijiya, ya sami mummunan tashin jiki a kashi 0.22 cikin 100 da tsohon rini, da kashi 0.04 da sabo. A gaɓa da bututun ɗaci kaɗan ne ke shiga jini, don haka haɗarin ya ragu, amma bai gushe ba. Ra'ayina shi ne a yi amfani da sabon a gaɓa, inda tsohon ya fi sa zogi, da kuma ga mai asma, da mai sikila, da wanda ya taɓa yin borin jini bayan rini.

Soka allura da tura rini aikin likita ne. Shirya tire, kwantar da majinyaci, zaɓen ƙarfin haske da kare mutane daga gare shi aikin ma'aikacin hoto ne, wanda Hukumar Rajistar Ma'aikatan Hoton Asibiti ta Nijeriya, da aka kafa da dokar soja mai lamba 42 ta 1987, ta ba lasisi. Ɗakin da na'urar kuwa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001. A ɗakin tiyata an fi sakaci: kowa ya sa rigar dalma, wanda ba dole ya tsaya ba ya ja baya, domin ninka tazara sau biyu yana rage haske zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Mace kuma a tambaye ta a keɓe, ba a gaban suruka ba, “Malama, yaushe rabonki da al'ada?” Idan Bakambariya ce ko Badukkiya ko Bafulatana da Hausarta ba ta nuna ba, a nemo mace mai jin harshenta.

Wuta ma abin lura ce. Jihar da ke da tashoshin lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru ce, amma kowa a ɗakin nan ya san ba a fara tura rini sai an tabbatar janareta yana da mai, domin rinin da aka tura ba ya jiran a dawo da wuta.

Tiren gaggawa ya kasance cikin ɗakin hoton kansa, ba a kantin magani ba, ba kuma a kabad ɗin da makullinsa ke aljihun wani ba. A ciki a sami adirinalin, da ruwan ƙari, da abin hura numfashi, kusa da tukunyar oksijin mai iska a ciki. Ga babban mutum da numfashinsa ya fara sarƙewa ko jininsa ya faɗi, rabin miligiram na adirinalin ake yi a tsokar cinya, a maimaita bayan minti biyar idan bai farfaɗo ba. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a manna a bango, a kuma sa mutum ɗaya, da sunansa a jadawalin aiki, ya riƙa duba ranar lalacewar magungunan a farkon kowane wata.